Ranar da Leah Ta Ƙara Kan Ƙarin Saje

Duk wanda ya ce maka 'yan mazan jiyan unguwar Rikoto caca suke yi a gindin mangwaron nan, ka ce na ce ƙarya yake yi. Ko kwabo ba a taɓa ajiyewa a kan tabarmarsu ba. Gurjiya suke zubawa, busasshiya, wadda in an tashi ake mayarwa cikin gwangwaninta. Liman ya zo ya duba, fasto ma ya zo ya duba, kowannensu ya tafi yana girgiza kai bai samu abin kamawa ba. Wasan kuwa sunansa poka. Daga Laberiya suka ɗauko shi lokacin da aka tura su aikin kwantar da tarzoma, suka dawo da shi Zuru tare da ciwon gwiwa da labaran da ba sa ƙarewa.

Kati biyar ake ba kowa. Ka duba, ka zubar da waɗanda ba ka so a canza maka, sannan a shiga zubi. In wani ya zuba gurjiya, na kusa da shi ko dai ya bi da daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya kife katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. In an kai ƙarshe sai a buɗe. Iri biyu sun fi warwara, iri biyu har sau biyu sun fi su, iri uku kuma sun take duka. Akwai manya sama da haka, amma a gindin mangwaron nan sai a shekara ba a gan su ba.

Kowace Asabar wasa ne kawai na kashe lokaci. Amma sau ɗaya a shekara, in kaka ta kama, akwai wanda suke kira wasan gayya, shi kam ba a dariya a cikinsa. Su huɗu suka rage a ƙungiyar, kuma kowannensu in za a yi girbi yakan fito da gidansa kakaf, 'ya'ya da jikoki da surukai, in an haɗu lauje kusan talatin. Ana farawa da hantsi, ana tashi da kiran la'asar. Wanda gurjiyarsa ta fi yawa, gonarsa ake fara shiga ranar Alhamis. Na biyu sai mako mai zuwa, haka har na ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya a jere, gonar Saje Yazid ake fara yankewa.

To, bana Leah ba ta da mako ukun da za ta jira. Ba ta ma da biyu.

Leah matar Kofur Solomon ce, kuma mangwaron a ƙofar gidansu yake. Ita ta dage bana a shuka sabon irin shinkafa mai saurin nuna a fadamarsu ta Manga. Solomon ya ce a tsaya ga wanda aka sani, ta ƙi, ya bar ta. Shinkafa kuwa ta yi kyau har mutane na tsayawa a hanya suna kallo. Sai dai ta riga ta kowa nuna, ta sunkuyar da kai, da ka taɓa zangarniya sai ka ji ƙwaya na zuba. Tsuntsayen jan-baki kuma sun gano ta, tunda ita kaɗai ce nunanniya a duk fadamar. Ana cikin haka aka yi wa Solomon aikin yanar ido. Likita ya kafa masa doka: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, kada ruwa ya shiga idon har mako shida. Ɗansu yana bakin daga a Barno, 'yarsu Rachael tana aikin jinya a Kaduna. 'Yan ƙwadago kuwa duk an riga an kama su. Leah ta je fadamar ranar Juma'a, ta tsaya tana kora da kara ita kaɗai, tsuntsaye na tashi nan suna sauka can, har ta zauna a kan kunya ta yi kuka don takaici. Abincin shekararsu ne, kuma ita ta jawo.

Da safiyar Asabar, ranar wasan gayya, ta gaya wa mijinta ita za ta zauna masa a tabarma, tunda shi ko sarki da bakwai ba ya bambantawa ta cikin baƙin tabaran da likita ya sa masa. Solomon ya ce ai ba ta taɓa riƙe kati ba. Ta ce shekara ashirin tana sayar musu da kunun zaƙi a gefen tabarmar nan, in jaki ne ma ya isa ya iya. Sai ya sassauta murya ya ba ta shawara guda: ta yi wasanta yadda ta ga dama da sauran, amma in Oga, wato Saje Yazid, ya ƙara, ko ta bi ko ta kife. Ba a ƙara wa Oga.

Ta tambaye shi ko a dokar wasan yake. Ya ce a'a, ba a doka ba ne, ba a dai yi. Leah ta ci gaba da ɗaura ɗankwalinta.

Ai nan ne gaba ɗaya asirin yake, kuma ita kaɗai ta gan shi. Saje Yazid shi ya koya musu fareti suna kurata. Shi ya ja su cikin dajin Laberiya ya fito da su da rai, shi ya goyi Solomon a bayansa ranar da aka harbe shi a cinya. Sun ajiye kaki yau shekara ashirin da wani abu, sun yi furfura, haƙora sun zube, amma har gobe in Saje ya daka tsawa sai ka ga kafaɗunsu sun miƙe da kansu. In ya ce ya ƙara, wanda ke da kati mai kyau ya bi shi a ladabce, wanda ke shakka ya kife. Ba wanda ya taɓa ɗora ƙari a kan ƙarinsa, don a jikinsu kamar mayar wa na gaba da magana ne a filin fareti. Shi kuma bawan Allah ya ɗauka iya wasa ne. Sai ya riƙa ƙarawa da kati ko ba kati, yana kwashe musu gurjiya kamar mai tsince tsakuwa a wake.

Leah ta san wani abin kuma, don ita ke wanke kofuna. In hannun Saje fanko ne, muryarsa har bakin titi, kuma yana tura gurjiya yana miƙo kofi a ƙara masa kunu. In kuwa ya riƙe abin kirki sai ya yi tsit, ya tura a hankali, ya manta da kofin har ƙuda su mallake shi.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma. Kofur Abdulrashid ya iso a kan tsohon kekensa, Baban Goodness ya zo yana ɗingishi, Saje ya zo ƙarshe da sandarsa a hamata. Da ya ji Leah ce za ta zauna sai ya yi dariya har da tari, ya ce ba laifi, gida ne ke wasa ba mutum ba, Maman Rachael ta zauna a koya mata. Gladys maƙwabciya ta karɓi ludayin kunu. Solomon ya jawo kujera ya zauna a bayan matarsa, hannuwa bisa gwiwa kamar mai jiran hukunci.

Leah ta fara da kifewa. Ta kife, ta kife, ta sake kifewa. In ta samu abin kirki ta ɗan ci na Abdulrashid ko na Baban Goodness, in Saje ya yi tsawa ta ajiye kati ba musu. Har azahar aka je salla aka dawo tana a haka, Gladys na yi mata ido, ita ko kallonta ba ta yi. Saje har ya fara tausaya mata, yana cewa Kofur Solomon ya yi dacen mace mai ladabi. Tsibin gurjiyarsa ya yi tozo a gabansa. Nata bai kai rabin nasa ba, kuma inuwar mangwaro ta fara komawa gabas.

Sai aka raba wani hannu. Leah ta duba nata, wallahi ko iri biyu babu, tarkace ne zalla. Ta canza uku, aka ba ta waɗanda suka fi su lalacewa. Abdulrashid ya zuba biyar, Baban Goodness ya bi. Saje ya cika hannu da gurjiya ya watsa a tsakiya, ya daka tsawar nan tasa cewa ya ƙara, sannan ya miƙa wa Gladys kofi ba tare da ya waiwaya ba.

Leah ta ɗago kai. Ta kalli kofin. Ta tuna jan-baki. Ta sa hannu biyu ta turo ninkin abin da ya zuba.

"Na ƙara a kan naka, Baba Saje."

Jama'a, ka ce an ɗauke wutar duniya. Ludayi ya tsaya a sama kunu na ɗiga. Abdulrashid ya kife katinsa da sauri kamar ya ƙone shi, Baban Goodness ma haka. Solomon kuwa bai san lokacin da ya miƙe tsaye ƙyam ba, hannuwa a gefe, ƙirji a gaba.

Saje ya dubi gurjiyar, ya dubi Leah, kamar wanda akuyarsa ta yi masa sallama. Shekara da shekaru yana ƙari, ba a taɓa tambayarsa ko da gaske yake ba. Ya nemi abin yi ya rasa. Sai ya koma ga abin da ya sani.

"Kofur Solomon. Yi wa matarka magana."

Leah ba ta waiwaya ba, amma tana jin numfashin mijinta a bayanta. Ta san in ya ce ta janye, za ta janye, don ba za ta kunyata shi a gaban mutumin da ya goye shi a daji ba. Kuma ta san in ta janye, shinkafa ta tafi. Solomon ya juya wajen Saje. Da ƙyar maganar ta fito.

"Sa, ita ba soja ba ce."

Ya koma ya zauna, gumi na bin wuyansa. Leah ta ji wani daɗi ya taso mata, ta danne shi da ƙyar.

Saje ya daɗe yana juya katinsa. Mace ce da ta wuni tana kifewa, in irin wannan ta taso ai ba a banza ba. Ya yi tsaki ya kife. Leah ta jawo tsibin gabanta. A dokar wasa ba dole ta nuna abin da ta riƙe ba, amma sai ta ajiye katin a buɗe, a tsakiyar tabarma, kamar mantuwa ta yi. Ba mantuwa ba ce. Biyu, biyar, shida, tara, da wani ɗan goma shi kaɗai. Gladys ta saki shewa. Abdulrashid ya riƙe baki, ya ce shi fa iri biyu ya kife. Kunnuwan Saje suka yi ja, ya ture kofinsa, ya ce a raba.

Kafin ka ce me, labari ya zaga Rikoto. Masu kabukabu suka faka babura, mata suka fito da ƙullun tuwo a hannu, mai shagon caji ya bar shagonsa a buɗe. Wasa ya ɗau zafi. Abin mamaki, Baban Goodness da ba a taɓa jin muryarsa ba, sai ga shi ya ce shi ma ya ƙara, sannan ya yi saurin cewa a yi haƙuri, Sa. Aka kwashe da dariya. Saje ya rama a hannu biyu, Leah ta ci ɗaya. Tsibinta ya matso nasa, amma har yanzu shi ke gaba, kuma kowa ya ga ladan ya wuce da butarsa zuwa masallacin bakin hanya.

Abdulrashid ya raba, ya ce da alama wannan ne na ƙarshe.

Leah ta buɗe nata a hankali. Huɗu, huɗu, da wani huɗun. Ƙanana ne, amma su uku ne. Ta zubar da biyu aka canza mata, ba abin da ya ƙaru. Saje ya canza ɗaya. Ya duba, sai ya yi tsit. Ya tura gurjiya a hankali, ya ce ya ƙara, muryar ko ta kai gefen tabarma da ƙyar. Kofinsa na gefe, ƙuda uku a bakinsa.

Leah ta gane. Wannan karon da gaske yake. Sauran biyun suka kife. In ta kife ita ma, ta zo ta biyu, gayya sai wani mako, kuma kafin nan abin da zai rage a fadama bai fi a share da tsintsiya ba. In ta bi shi kawai ta ci, ta auna da ido, tsibinta ba zai haura nasa ba. Dole sai ya zubo da yawa, kuma ba zai zubo ba sai in ya yarda ƙarya take yi kamar ɗazu. Lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan na hura ta yana gwadawa.

Ta yi duk abin da ta yi ɗazu, ba ragi. Ta kalli kofinsa, ta sa hannu biyu, ta turo duk abin da ke gabanta har ƙwayar ƙarshe.

"Na ƙara a kan naka, Baba Saje."

Da Saje yana cikin natsuwarsa, da ya tuna kati biyu kawai ta canza, kuma mai canza biyu uku yake riƙe da su. Abdulrashid ya lura, har ya buɗe baki ya tuna ba ruwansa. Amma Saje ba kati yake gani ba, ɗan goman nan na ɗazu yake gani da shewar Gladys. Ya ce sau ɗaya ake yi masa haka. Ya ƙirga daidai nata ya tura, ya buga katinsa a tabarma: sarakai biyu, tara biyu.

Taron ya yi wani irin gurnani. Solomon na tambaya me aka buɗe, me aka buɗe, ba mai amsa masa. Leah ta ajiye huɗu. Ta ajiye na biyu. Ta ajiye na uku a kansu, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

Wayyo, zo ka ga gari! Gladys ta yi wurgi da ludayi ta rangaɗa guɗa. Masu babura suka danna ham. Abdulrashid ya kwanta a tabarma yana dariya yana cewa kurata uku sun kama hafsoshi. Solomon da ya gane sai ya yi tsalle, mutumin da aka hana ko sunkuyo, Leah ta riƙo rigarsa tana yi masa faɗa tana dariya, hawaye na zubo mata. Ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar aurenta.

Saje Yazid ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya nufi masallaci, Abdulrashid ya bi bayansa. Murnar Leah ta ɗan rage. Daga Lahadi har Laraba ba a gan shi a gindin mangwaro ba, kuma rabin laujen gayya daga gidansa suke fitowa. Solomon ya kasa cin abinci sosai. Ita kuma kullum tana fadama da karanta, tana kora tana duban hanya, tana tambayar kanta ko ta ci wasa ta rasa gayya.

Ranar Alhamis suka isa Manga rana na fitowa, ita da Solomon a bayan babur. Tun daga nesa ta hango mutane jere a bakin fadama, sahu guda, kowa da laujensa. A gabansu wani tsoho ne cikin takalmin soja da ya sha faci, yana zagaya su yana duba kaifin lauje ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa wani surukinsa tsawa don ya zo da dakusasshe. Ba talatin ba ne, sun fi arba'in, har da maƙwabtansa ya tattaro.

Saje Yazid ne. Da ya ga ta sauko sai ya tako har gabanta, ya tsaya, ya gyara tsayuwa.

"Maman Rachael, ta ina za mu fara?"

Leah ta ɗaga hannu. Ta nuna masa gefen gabas, inda ta fi zuba. Ya juya ya ba da umarni, sahu ya shiga cikin shinkafa, jan-baki suka tashi gaba ɗaya suka rasa wurin sauka.

Ta zaunar da Solomon a gindin wata ɗorawa, ta ajiye masa kunu. Bai taɓa kofin ba. Ya karkata kai yana sauraron ƙarar lauje, shap, shap, shap, da muryar Oga a sama da ta kowa tana kiran a matsa gaba. Can sai ta ga ruwa na gangarowa ta ƙarƙashin baƙin tabaran.

"Baban Rachael, likita fa ya ce kada ruwa ya shiga idon nan."

"Ba shiga yake yi ba," in ji shi. "Fita yake yi."

Ta goge masa da bakin zanenta, ta ɗauki laujenta ta bi sahu.